Taku Tara

A Tromsø rana ta yi yaji tun ƙarshen Nuwamba,
ba ta ce ga ranar dawowa ba.
Dusar ƙanƙara ta toshe tagar ɗakin ƙasa,
inda na kafa majigi da farin allo
shekarar da na bar aikin jirgin fito.

Makunnin fitila yana bakin ƙofa,
kujerarmu kuwa tana can ƙurya.
Taku tara ne tsakani, na ƙirga,
ƙaurina ma ya ƙirga,
don teburin shayi bai taɓa kauce mini ba.
Shekara goma sha ɗaya ni ke tashi in kashe,
in juyo ina lalube, hannu gaba,
sai Ragnfrid ta ce daga cikin duhu, “Nan nake,”
in bi muryar har in zauna.

Bana kuwa gwiwa ta ce ta gaji.
Likita ya sa mata ƙarfe, ya haɗa ni da sanda.
Jikarmu Oddrun ta zo ran Asabar da kwali a hammata,
ta hau tsani, sukurdireba a baki,
tana ba ni umarni ta gefen haƙora.
Ƙwai shida ta dasa a silin, ƙanana kamar idon kifi,
da wata igiyar haske da ta liƙa a gindin bango.
Ni aikina riƙe tsani
da ba da shawarar da ba wanda ya nema.

Ta miƙo mini rimot, bai cika tafin hannu ba.
“Kaka, danna.”
Na danna. Ko gezau.
Sai ihu daga sama: kicin ya yi baƙi ƙirin,
ga kifi a kasko, mai yana tsartuwa,
Ragnfrid na kiran sunana cikakke, har da na ubana.
Oddrun ta yi dariya har ta zame a matakala,
ta kwance abin da ta ɗaura, ta sake ɗaurawa,
ta ce laifin ƙwan da ta sa mana bara ne,
ba nata ba.

Da dare muka sauko mu biyu.
Na ɗora yatsa kan maɓallin ƙasa, ban ɗaga ba.
Hasken bai mutu farat ɗaya ba:
ya yi ja tukuna, kamar garwashin da ya soma toka,
ya gangaro bango a hankali,
ya ɗan tsaya kan furfurar Ragnfrid,
sannan ya yi sallama.

Mako shida rabonmu da ganin faɗuwar rana.

“Maido shi,” in ji ta.
Na maido, alfijir ya keto daga silin.
“Sake.”
Magariba biyar muka yi a daren nan, da asuba biyar.
Fim ɗin na tsaye a allo,
wani mutum ya buɗe baki zai yi magana,
haka muka bar shi, har shayi ya huce.

Yanzu rimot yakan ɓuya tsakanin matasai,
ko ya bi aljihun rigar sanyina zuwa kanti.
Tsohon makunnin yana nan bakin ƙofa,
Oddrun ta rufe shi da tef, ta rubuta: kada a taɓa.
Ƙaurina ya warke.
Teburin shayi ya rasa abokin faɗa.

Abu ɗaya ne ban gaya wa yarinyar ba.
Jiya, da hasken ya gama sauka,
ina zaune, kafaɗata na gogar tata,
babu taku ko ɗaya tsakaninmu,
sai na ji Ragnfrid ta ce ƙasa-ƙasa, “Nan nake.”
Na ce, “Ai na sani.”

Amma sai da na miƙa hannu, na laluba.